Me ake ce wa abokiyar aiki Bayahudiya ranar Yom Kippur?

Maman Khalil (Bronx):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah wanda ya sani ya taimaka. A wurin aikinmu akwai wata dattijuwa Bayahudiya, mutuniyar kirki ƙwarai. Duk watan azumi ita ke riƙe mini aikin yamma in samu in sha ruwa a gida, ranar Sallah kuma ita ce ta farkon turo mini saƙo. To ta ce mini ba za ta fito ranar Litinin ba saboda Yom Kippur. Har na buɗe baki zan yi mata barka irin wadda muke yi da Sallah, sai na ga yanayinta bai yi kama da na mai shirin biki ba. Me ake ce musu a wannan rana? Kuma tukuna ma, ya halatta in ce wani abu?

Baban Nana (Landan):
Wa alaikumus salam Maman Khalil. Gara da kika dakata, don ba ranar shagali ba ce ko kusa. Ita ce rana mafi nauyi a shekararsu, ta tuba da neman gafara. Tana zuwa ranar 10 ga watan Tishri, wato rana ta goma daga shigowar sabuwar shekararsu da suke kira Rosh Hashana. A aƙidarsu, ranar sabuwar shekara ake rubuta wa kowane bawa abin da zai same shi, ranar Yom Kippur kuma a buga hatimi a rufe littafin. Kwanakin da ke tsakani na komawa ga Allah ne da sadaka da neman yafiyar jama'a.

Azumin nasu kuwa ba irin namu ba ne na sahur da asuba a sha ruwa da magariba. Tun kafin rana ta faɗi suke kama baki, su kwana da shi, su wuni da shi, sai taurari sun fito washegari. Kusan awa 25 ba ci ba sha. Ban da wannan, ba wanka, ba shafa mai ko turare, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Nan Landan in kika bi ta Stamford Hill ko Golders Green ranar, za ki ga dattijo ya sha kaya masu tsada amma ƙafarsa takalmin yadi ne ko na roba. Da yawa fararen kaya suke sawa.

Wanda ke cikin wannan hali ba a ce masa a yi biki lafiya. Fatan sauƙin azumi ake yi masa.

Ɗan Zango:
Awa 25 ko ruwa babu? Tabɗi. Mu da ke ƙorafin awa 16 in azumi ya faɗo lokacin zafi a ƙasar nan.

Baban Nana (Landan):
Ai kwana ɗaya ne tal, Ɗan Zango, ba talatin ba. Kuma su ba ya zagaye shekara kamar Ramadan. Da wata suke lissafi kamar mu, amma suna ƙara wata na goma sha uku sau 7 a cikin kowace shekara 19, don haka kullum a Satumba ko Oktoba yake tsayawa.

Malam Habu:
Jama'a kun tsallake tambaya ta biyu, ita ce kuwa ya kamata a fara da ita. 'Yar'uwa ta tambayi halasci. Ibnul Ƙayyim a cikin Ahkamu Ahlidh Dhimma ya raba abin gida biyu. Akwai taya wanda ba Musulmi ba murnar aure, ko haihuwa, ko dawowa daga tafiya, ko samun lafiya. Wannan ya tattauna shi, ya ja kunne kan a kula da lafazin da za a faɗa. Akwai kuma taya su murnar ibadar da ta keɓanta da addininsu, kamar idinsu da azuminsu. Wannan ya ce haramun ne, har ya ambaci ittifaƙin malamai a kai. Shaikh Ibnu Usaimin ma a kan haka ya yi fatawa. Dalilinsu shi ne murnar tana nuna yarda da ibadar. Ni dai nasihata, ta ci gaba da kyautata mata a wurin aiki, ta bar zancen ranar.

Dakta Bilki (Manchester):
Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma don adalci a sanar da Maman Khalil cewa ba ita kaɗai ce magana a mas'alar ba. Shaikh Yusuf Alƙardawi ya halatta, Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta halatta, Darul Ifta ta Masar ma haka. Hujjarsu aya ta 8 a Suratul Mumtahana, inda Allah ya ce bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Sai aya ta 86 a Suratun Nisa'i, in an gaishe ku ku mayar da wadda ta fi ta ko irinta. Matar nan ita ta fara, kowace Sallah tana gaishe ta. A ce ranar da ta fi kowace nauyi a wurinta a wuce ta kamar ba a sani ba?

Kuma a Bukhari akwai hadisin gawar da aka wuce da ita Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne. Akwai na yaron nan Bayahude mai yi masa hidima da ya kwanta rashin lafiya, Annabi ya taka har gida ya dubo shi.

Malam Habu:
Dakta, hadisan nan ingantattu ne, ba na jayayya. Amma duba marar lafiya da girmama gawa haƙƙin ɗan Adam ne, ba ibadar addininsa ba. Ba su shiga inda ake saɓanin ba. Bari in fayyace inda na tsaya don kada a ce Malam Habu ya hana zumunci. In ta ce mata "ki kula da kanki, kada ki damu da aikinki zan riƙe miki, Allah ya ba ki lafiya," ba ni da ta cewa, mu'amala ce, ramuwar alheri ce. In ta ce "Allah ya karɓi ibadarki," nan ne ba zan raka ta ba, don wannan shaida ce a kan abin da ba mu yi imani da shi a yadda yake ba.

Dakta Bilki (Manchester):
To "Allah ya sa azumin ya zo miki da sauƙi" fa? A wane gida ya faɗa?

Malam Habu:
Ya fi kusa da na farkon, tunda lafiyar jikinta ake yi wa fata. Ni da kaina ba zan faɗa ba, amma ba zan yi inkari ga wanda ya faɗa yana bin malaman da kika ambata ba.

Abu Ammar:
Wallahi ina karanta zancen nan raina yana ɓaci. Ana kashe 'yan'uwanmu a Gaza, yara da mata, asibitoci sun zama kufai, mu kuma muna nan muna koyon yadda za mu gaishe da Yahudawa? Ina kishin yake?

Hajiya Mai Goro (Harlem):
Ɗana Abu Ammar, ba kai kaɗai abin Gaza ke ci wa rai ba, duk wanda ke gidan nan yana kwana da shi. Amma ka saurare ni. Matar da ake magana a kanta ba ita ce gwamnatin Isra'ila ba, ba soja ba ce, tsohuwa ce mai neman abincinta a New York, mai barin 'yar'uwarka ta je ta sha ruwa a kan lokaci. Ba mu san ra'ayinta kan Falasɗinu ba. Yahudawan garin nan ba bakinsu ɗaya ba. Ka je Williamsburg a Brooklyn, 'yan ɗariƙar Satmar dubbai ne, suna cikin waɗanda suka fi riƙo da addinin, kuma tun asali ba su yarda da aƙidar Sahayoniyanci ba. A watan Oktoban 2023 Yahudawa ne suka cika tashar jirgin ƙasa ta Grand Central suna neman a tsagaita wuta, aka kama su da yawa. Akwai kuma masu goyon bayan Isra'ila ɗari bisa ɗari, ba na ɓoye maka. Ka ga ba a yi wa mutum hukunci da sunan ƙabilarsa.

Mu da muke nan lokacin harin 11 ga Satumban 2001 mun san ɗacin a kalli ɗankwalinka a nemi ka amsa laifin da wani ya yi. Abin da bai yi mana daɗi ba, ba zan so mu yi wa wani ba.

Abu Ammar:
Na ji Hajiya, ina girmama maganarki. Amma ni zuciyata ba za ta iya ba. Ni abin da na sani game da ranar nan shi ne yaƙin 1973.

Baban Nana (Landan):
Babu wanda ya tilasta maka, ɗan'uwa, kai ba ka da abokiyar aikin da ke riƙe maka aiki. Yaƙin kuwa gaskiya ne, ranar 6 ga Oktoban 1973 Masar da Siriya suka kai wa sojojin Isra'ila hari, ta zo daidai da Yom Kippur, ta kuma zo daidai da 10 ga Ramadan. Ɓangarorin biyu kowa lokacin azuminsa ne. Sojan Masar suka tsallaka mashigin Suwez. Har yau akwai birni a Masar mai suna 10 ga Ramadan saboda tunawa da ranar. A Isra'ila dama ƙasar tsayawa take yi cak: filin jirgin sama a rufe, rediyo da talabijin na ƙasar shiru, tituna wayam sai yara da kekuna. Ga iyalai da yawa can, ranar ta haɗa da tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin.

Dakta Bilki (Manchester):
Tunda an shiga wannan, bari in ƙara abu ɗaya don a fahimci dalilin da saƙo ɗan ƙarami ke da nauyi a wurinsu. A 2019, ranar Yom Kippur, wani ɗan bindiga mai tsattsauran ra'ayin wariyar launin fata ya yi ƙoƙarin kutsawa majami'ar Yahudawa a garin Halle na Jamus, ƙofa ta ƙi buɗuwa, ya kashe mutum biyu a waje. A 2025, nan Manchester, a majami'ar Heaton Park, an kai hari a wannan rana, masu ibada biyu suka rasa ransu. Yanzu da masu gadi da 'yan sanda a bakin ƙofa suke ibada. Mu ma bayan harin da aka kai masallatan Christchurch na ƙasar New Zealand a 2019 haka muka riƙa zuwa Juma'a muna waige-waige. Maƙwabcin da ya ce maka "ina tare da kai" a irin wannan lokaci ba ka manta shi.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi haƙuri a koma kan tambaya. Zancen Gaza muna da wurinsa daban, ba a rufe shi ba. Na goge saƙonni biyu masu zagi, wanda ya rubuta ya san kansa.

Bitrus (Jos):
Sannunku. Ni Kirista ne, bari in sa baki kaɗan tunda ranar tana cikin Littafi Mai Tsarki, mu Ranar Kafara muka san ta. Tana Littafin Firistoci sura 16 da sura 23. A zamanin da Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa, ke tsaye a Urushalima, ranar ce kaɗai a shekara babban firist ke shiga Wuri Mafi Tsarki. Ana kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a, a yanka ɗaya, ɗayan kuma firist ya ɗora hannu a kansa ya furta zunuban jama'a, a kora shi jeji. Tun da Romawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70 babu sauran yanka, addu'a da tuba da sadaka suka tsaya a madadinsa.

Ni dai a unguwarmu naman Sallah yana shigo mana, shinkafar Kirsimeti tana fita, kowa kuma yana kan addininsa. Amma na lura Maman Khalil ba ma abinci za ta kai ba, tunda mutanen azumi suke.

Malama Rabi (Yamai):
Ni wani abu ya tsaya mini. Wannan ba shi ne Ashura ba? Na san hadisin da Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar Yahudawa suna azumi.

Malam Habu:
Hadisin Ibnu Abbas ne, yana Bukhari da Muslim. Ya tambaye su, suka ce rana ce da Allah ya tserar da Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Fir'auna. Ya ce mu muka fi cancantar Musa, ya azumce ta ya yi umarni a azumta. Daga baya ya ce in ya kai baɗi zai haɗa da ranar tara. Asalin Tasu'a ke nan.

Baban Nana (Landan):
Masu bincike da dama suna danganta su, don duka biyun ranar goma ce ga watan da shekara ke farawa da shi. Sai dai akwai inda suka rabu. Yahudawan yau fitowa daga Masar da idin Fesah suke tuna ta, wajen Maris ko Afrilu, kuma ci ake yi ba azumi ba. Yom Kippur a ruwayarsu ita ce ranar da Annabi Musa ya sauko daga dutse da alluna karo na biyu, bayan an yafe wa mutanensa bautar ɗan maraƙi. Shi ya sa ta zama ranar gafara.

Wani abin da zai ba ku sha'awa, a sallarsu ta yamma ranar, labarin Annabi Yunusa suke karantawa daga farko har ƙarshe, da kifin da mutanen Nineba da suka tuba aka ɗage musu azaba.

Malam Habu:
Wannan kam yana Suratu Yunus aya ta 98. Mutanen Yunusa ne aka ware a matsayin alƙaryar da imaninta ya amfane ta aka yaye mata azaba. Allahu akbar.

Maman Khalil (Bronx):
Na ƙaru sosai, Allah ya saka. Amma har yanzu ban samu abin da zan rubuta mata ba. Kuma yaushe zan tura, safiyar Litinin ɗin?

Dakta Bilki (Manchester):
A'a Anti, safiyar Litinin kin makara. Ki tura ranar Lahadi da rana, ko ki gaya mata baki da baki ranar Juma'a kafin ku tashi. In mai riƙo da addini ce, da zarar rana ta kusa faɗuwa ranar Lahadi za ta kashe waya, ba tuƙi, ba kunna wuta, ba taɓa kuɗi, sai daren Litinin. Ki ɗauke ta kamar wadda ta shiga i'itikafi, ba a bin ta da kira. In kin ga ba amsa kada ki ce an share ki.

Su a tsakaninsu "Gemar hatima toba" suke cewa, wato Allah ya sa a rufe maka littafi da alheri. Ko "Tsom kal," azumi mai sauƙi. Na farkon addu'a ce daga cikin aƙidarsu, don haka in kina son tsayawa inda Malam Habu ya ja layi ki bar musu shi. Ba sai kin yi Ibrananci ba ma. Da Turancin da kuka saba ki ce kin san ranar tana da girma a wurinta, kina yi mata fatan azumi mai sauƙi, ita da iyalinta su wuce ta lafiya. Ya wadatar. Wasu sun fi son a ce azumi mai amfani ga zuciya, wai don ba sauƙi aka je nema ba, amma ban taɓa ganin wanda ya ji haushin fatan sauƙi ba.

Abu ɗaya, ba kowa ke azumin ba. Akwai Yahudawan da duk shekara ba sa leƙa majami'a sai ranar, akwai waɗanda ko ranar ba sa yi. Tunda tsohuwa ce, ki sa "in kina azumi" a ciki, kada ki sa ta jin nauyin yi miki bayani.

Hajiya Mai Goro (Harlem):
Ku ƙara mata da wannan. In matar ta zo ta ce ki yafe mata duk abin da ta yi miki a shekarar nan, kada gabanki ya faɗi ki ɗauka wasiyya take yi. Al'adarsu ce a kwanakin nan. Malamansu sun ce ranar tana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai ka je ka nemi yafiyarsa. Ki ce kin yafe, ke ma ki nemi tata.

Malam Habu:
Wannan hukuncin kam haka yake a wurinmu. Haƙƙin bayi sai mai shi ya yafe.

Ɗan Zango:
Yanzu na gane dalilin da yarana ba su da makaranta ranar Litinin. Ni na ɗauka hutun malamai ne.

Baban Nana (Landan):
Shi ne. Makarantun gwamnati na birnin New York sun daɗe suna rufewa ranar. A 2015 magajin gari Bill de Blasio ya sanar da ƙara ƙaramar Sallah da babbar Sallah a jerin hutun, ku ma kun samu naku. A ƙarshen shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yom Kippur a cikin ranakun hutunta, ba a sa taron hukuma ranar. Duk wanda ke shirya jadawalin aiki a cikinku, kada ya sa taro ko walimar ofis ranar, wannan ya fi saƙon waya amfani a wurinsu. In kuma an gayyace ku shan ruwa daren Litinin bayan sun busa ƙahon rago an tashi daga sallar ƙarshe, to nan ne fuska ke sakewa, ana ci ana hira.

Zainabu Kumasi (Brooklyn):
Ku yi haƙuri na shigo a makare, tawa matsalar daban ce. Aikin kula da tsofaffi a gida nake yi. Tsohon da nake dubawa yana da ciwon suga, allura ake yi masa, kuma ya dage sai ya yi azumin nan. Ranar Litinin ni ce a wurinsa. Ya zan yi?

Dakta Bilki (Manchester):
Zainabu wannan ba na gaisuwa ba ne, kada ki bari ya kai Lahadi. Yau ɗin nan ki sanar da 'ya'yansa da ma'aikaciyar jinyar da ke sa ido a kan aikinki, su yi magana da likitansa. Mai allurar suga in ya daina ci aka ci gaba da allurar yadda aka saba, sugan na iya faɗuwa ya suma. Kada ki rage ko ki ƙara masa magani da kanki.

Kuma a addinin nasu ma ceton rai yana gaba da azumi. Wanda azumi zai jefa cikin haɗari wajibi ne ya ci, ba zaɓi ba ne. Yara ma sai namiji ya kai 13, mace 12, yake hawa kansu. Tsofaffi irinsa ba sa jin maganar likita ko ta 'ya'ya a kan wannan, amma suna jin ta malaminsu. Ki ce wa iyalin su sa malamin majami'arsu ya kira shi. Sau da yawa sukan tsara wa marar lafiya ya riƙa ci da sha kaɗan-kaɗan ana ba da tazara, hankalinsa ya kwanta cewa bai yi watsi da ranar ba.

Ki tambaye su tun yanzu wace lamba za ki kira ranar, tunda wayoyinsu za su kasance a kashe. A Brooklyn akwai motocin agajin gaggawa na sa-kai na Yahudawa, Hatzalah, suna fita ko a Yom Kippur. In kin ga yana gumi, yana rawar jiki ko maganarsa ta rikice, ki auna sugan nan take, in ya yi ƙasa kuma yana iya haɗiya ki ba shi abu mai zaƙi, ki kira su ko lambar gaggawa ta 911.